Kazar Roba Mai Jar Hula

…a'a, ba wannan ba ce. Kukanta ya yi siriri da yawa. Ajiye ta, Verna. Ɗauki ta gefenta, matsa cikinta — ita ma ba ita ba. Kai, Hilton, ka ga abin da ka jawo mini? Tsohuwa da ni, da jikoki, na durƙusa gaban kwandon kayan wasan karnuka ranar jajibirin Kirsimeti, ina matsa cikin roba ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne. Gwiwoyina har sun fara yi mini tsiya. Koffie kuwa ya zauna a gefena, igiyarsa a wuyan hannuna, ya karkace kai yana kallona, wai shi mai tausayi.

Kai kuma Koffie, ɗauke mini idon nan naka. Ba kai ne mai laifin ba? Wa ya farke cikin kazar nan lokacin ruwan Yuli, ya ciro ɗan usur ɗin da ke ciki, ya taune shi tas, ya kawo ragowar ya ajiye a ƙafata yana kaɗa wutsiya? Da ka san abin da ka tauna…

Kazar roba ce, Hilton, ka tuna? Ba ka tuna ba, na sani, bar ni dai in faɗa. Rawaya, mai jar hula, mummuna ta ƙin ƙarawa, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Kai ka zaɓe ta bara, a nan, gaban kwandon nan. Bana babu irinta. Na tambaya, an ce ba a kawo ba. Ni ba ma kazar nake nema ba, kukanta nake nema. Ko a cikin kada yake, ko a cikin takalmi, ni dai wannan kukan.

Gobe ne fa. Gobe za su bar karnuka su shiga lambun gidan tsofaffin. Ista da Kirsimeti kaɗai, sauran ranaku ko bakin ƙofa ba a yarda ba — "Anti Verna, doka ce, akwai masu asma." To, na ji. Gobe za a turo ka a keke zuwa gindin bishiyar nan ta kusa da famfo, an taje maka kai, an yi tsagar ta ɓangaren da ba ka so. Ni kuma in shigo da Koffie, abin da na saya yau a bakinsa. In kukan ya dace…

In ya dace za ka kira sunana. Iyakar abin da nake so ke nan. Ban ce ka warke ba, ban ce ka dawo gida ba, na daina roƙon wannan tuni.

Da Ista haka aka yi. Na zauna kusa da kai da kwanon kifi mai tsami a cinyata, kana kallon katanga. Ka gaishe ni yadda kake gaida kowa yanzu: "Sannu, baiwar Allah, kin zo ganin wani ne?" Na ce e, na zo ganin wani. Sai Koffie ya gaji da zama, ya ciji kazar. Sau ɗaya tak. Na ga yatsunka uku na dama sun motsa a kan bargo, suna danna abin da babu. Ka juyo, ka dube ni — ni fa, ba abin da ke bayana ba — ka ce, "Verna, kin goge farin wandon? Sakkie zai ci mutuncina in na makara." Kawu Sakkie, shugaban badujalarku, da ya daɗe a ƙasa, har ciyawa ta rufe kabarinsa. Na ce na goge, yana rataye bayan ƙofa. Ka ce, "Yauwa, 'yar gari." Daga nan ka koma wajen katangarka. Tun ranar ban sake jin sunana a bakinka ba.

Wannan kuma mene ne? Mutumin ƙanƙara, har da mayafin ulu a wuya. A garinmu Paarl, a zafin Disamba! Kwalta tana narkewa a waje, mai kankana ya gudu inuwa ya bar motarsa, su kuma mayafin ulu. Wanda ke ƙera waɗannan abubuwa bai taɓa taka garin nan ba. Matsa. Uhm… ya yi kusa? Sake matsawa. Ajiye shi gefe, kusa da jaka. Wataƙila.

Sersant ne ya fara. Karenmu na fari, baƙin nan da ka tsinto a bayan rumbun inabi shekarar da na haifi Denise. Da ka ɗauko ƙahonka na badujala za ka yi bita, sai ya ɗaga kai sama ya kama kuka, maƙwabta suna dukan katanga. "Hilton Plaatjies, ko kai ko karen, ɗaya ya yi mana shiru!" Sai ka sayo masa agwagwar roba don ka toshe masa baki. Yana cizon ta ka tsaya cak, ƙaho a hannu. "Verna, kin ji? Kin ji kuwa? Amon da muke buɗe fita da shi ke nan, ba ragi ba ƙari!" Na ce ni agwagwa na ji. Ka ce, "Ke dai kunnuwanki na rataya 'yan kunne ne." Shekara arba'in kana faɗa mini haka ina murguɗa maka baki. Kuma gaskiyarka. Ko a coci ƙawata Mavis takan zungure ni da gwiwar hannu, ta ce in riƙa motsa baki kawai, Allah yana ji.

Ka zauna a bayan gida da busasshen nama a aljihu, ka busa, ya ciza, ka ba shi. Ka busa, ya ciza, ka ba shi. Naman da na ɓoye don baƙi! Har kare ya fi wasu 'yan ƙungiyarku sanin lokacin shiga.

Safiyar Kirsimeti… Allah sarki. 'Yan badujalar unguwa, fararen wanduna, jajayen kwat, huluna da gashin tsuntsu a gefe, sun zaga gida-gida har idanu sun yi ja, sai rana ta fito suke isowa layinmu. Kowane gida a tsaya a busa, a fito musu da lemon citta da kek. Amma a ƙofarmu kaɗai ake yin shiru tukuna. Kawu Sakkie ya ɗaga sandarsa, ganguna su mutu. Yara su ɗare katanga. Ka fito gaba, ka gyara tsayuwa, ka busa amo ɗaya, dogo. Sai daga bayan ƙyauren waya — fiiit! — kare ya amsa da sabon abin wasansa. Layi ya kaure da shewa. Sakkie ya ce, "To, ƙaramin mabushi ya ba da izini," sanda ta sauka, badujala ta tashi gaba ɗaya har gilashin taga yana rawa. Ni ina tsaye da tire, daɗi kamar ya kashe ni, ina cewa ku sauka mini daga kan furanni, 'yan banza.

Sersant, sannan Liefie, sannan wannan mai cin amanar. Babu abin wasan da ya taɓa kai shekara a bakinsu, shi ya sa kowace Disamba sai mun zo. Kai a durƙushe, ido a rufe, kana matsawa kana jefarwa. "Ta yi ƙasa. Ta yi sama. Wannan mura take yi." Ni ina tsaye a kanka ina duba agogo, harshen saniya yana jira a tukunya, ban ko fara haɗa kayan zaƙi ba. Haba Hilton, kare ne fa, ɗauki ɗaya mu tafi! Ka ce, "Kare ne, amma ɗan ƙungiya ne. Ba za a ce daga gidana aka yi kuskure ba."

Barewa mai jan hanci. Matsa. A'a — wannan kam ko ni na san ba ita ba. Sandar alewa ta igiya, ba ta kuka ma. Tauraro. Ƙwallo mai ƙararrawa. Baba Kirsimeti mai tumbi, kukansa kamar an taka kwaɗo…

Ga ta nan tafe, matar kantin, da ƙahon barewa na roba a kanta, babbar mace da ita. Aikin ci da kai dai.

"Anti, in taimaka? Yau da tsakar rana za mu rufe fa. Ga wannan ƙashin, yana wanke haƙori, kowa shi yake saya."

"Ba haƙori ne damuwarmu ba, 'yata. Bar ni, na kusa."

Ta tafi tana waiwaye. Bari ta waiwaya. Me zan ce mata? In ce mijina yana cikin ɗaya daga robobin nan, ki taya ni nema? Ta kira mini mota a kai ni ɗakin da ke kusa da naka.

Kuma ban zo hannu rabbana ba, Hilton, kar ka ce ban yi dabara ba. Da safe na biya gidan Errol, wanda ya gaji wurinka a ƙungiya, wanda ka koya wa riƙe ƙaho tun yana zubar da majina. Yanzu har da furfura. Na same shi yana goge takalma za su taru. Na ce Errol, amon nan na buɗe fita nake so. Ya faɗa mini sunansa, wai wani harafi ne. Na ce harafi yana kuka ne? Busa mini. Ya yi dariya har ya ga fuskata, sai ya daina. Ya ɗauko ƙaho ya busa a bakin ƙofa, dogo, yadda kake yi. Koffie ya miƙe tsaye yana waige-waige, bakinsa babu komai. Errol ya ce, "Anti Verna, riƙe shi a hanci, ki yi ta gunguninsa, kar ki yi wa kowa magana har ki isa."

Na riƙe. Na sauko layin coci ina mmmm, na tsallaka gada ina mmmm, direban tasi ya danna mini oda ban saki ba, mai sayar da fure ta gaishe ni na ɗaga mata hannu kawai. Har bakin kantin nan na kawo shi. Sai ga Mavis da ledoji niƙi-niƙi. "Verna! Ina ta kiranki, kin kurumce ne? Yaya mai jiki?" Yaya zan yi? Ƙawar shekara hamsin ta tambayi jikin mijinka, ka wuce ta kana gunguni? Na ce da sauƙi, Mavis. Kalma biyu. Ina shigowa kuma rediyon kantin ya tarye ni da wata waƙar ƙararrawa. Na ce mmmm… ya fito, amma ban san ko shi ne ba. Errol kuwa yanzu yana can cikin motar ƙungiya, sun nufi gonaki su fara busa wa mutanen can.

Ba komai. Ai ba na Errol kaɗai nake da shi ba, ina da na kazar. Wata bakwai ina jin sa a gidan nan safe da yamma, ƙarƙashin tebur, bayan kujera, a ƙafar gado ina addu'a. Har cewa nake wata rana sai na jefa ta bayan katanga. Yana nan a kaina, dole yana nan. Rufe ido, yadda yake yi. Fiiit… haka yake. Ko kuwa ya ɗan fi haka kauri?

Kada, kore, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Me ya haɗa kada da Kirsimeti? Matsa. Kai! Tsaya. Sake. Wannan… Koffie, ji nan. Shi ne? Wutsiya. To, ji mutumin ƙanƙara. Wutsiya. Ji mai tumbin nan da na tabbata ba shi ba ne — wutsiya! Tafi can, mara amfani. Kai ko murfin kwalba aka matsa maka rawa za ka yi.

Denise ta ce, "Mama, don Allah ki ɗauki kowanne. Baba ba zai bambance ba." A waya, daga Johannesburg, ina jin yara suna ihu a bayanta. Ba ta faɗa da mugunta ba, ita ma ciwon yana cin ta, ita da ya kira da sunan ƙanwarsa da ta je. Amma ba zai bambance ba? Ubanki? Ke ba ki zo bara ba, ba ki gani ba.

Bara ai ka riga ka yi nisa. Ka sa takalmi a firij, ka fita sayen burodi aka tsinto ka a tashar jirgi, ka tambaye ni ina mahaifiyarka ta shiga. Na ce bana ba za mu je kanti ba. Ka tashi da safe ka sa hula, ka tsaya a ƙofa, ba ka san ina za ka ba, ka dai san akwai inda ake zuwa. Na kawo ka. Na riƙe maka hannu a hanya, kana ce mini "Madam". Muna isowa gaban kwandon nan ka saki hannuna, ka durƙusa da kanka, ka rufe ido. Ta yi ƙasa. Ta yi sama. Ta yi ƙasa. Sai kazar. Ka matsa sau ɗaya, ka buɗe ido, ka miƙo mini kana murmushi har kunne. "Ga ta." Mutumin da bai san sunan layinsu ba. Na kai ta gida, Errol ya zo ya busa, ba ragi ba ƙari. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana, albasa tana gefe ko taɓa ta ban yi ba.

Kirsimetin nan ne badujala ta tsaya a ƙofarmu karo na ƙarshe. Errol ya busa a madadinka, Koffie ya amsa, kai kana zaune a baranda da farin wando, yatsunka suna tafiya a kan gwiwa. Bana na ce su wuce kawai, kar su tsaya. Wa za su tsaya wa? Amma wandon na goge shi jiya. Ban san dalili ba. Yana rataye bayan ƙofa, don in ka sake tambaya kar in yi maka ƙarya.

To. Biyu suka rage. Kada a hannun dama, mutumin ƙanƙara a hagu. In sayi duka? In na kai biyu Koffie zai ruɗe, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, ya ƙi cizon ko ɗaya, na san halinsa. Kuma in na farkon ya yi kuskure, ka ɓata fuska ka kau da kai yadda kake yi wa sababbin mabusa, shi ke nan, ba ka juyowa. Sau ɗaya ne. Sai kuma Ista, in Allah ya kai mu. Nas ta ce ba ka cin abinci sosai yanzu. Ta faɗa tana gyara matashi, ba ta kalle ni ba.

Dama. Fiit. Hagu. Fiit. Ba iri ɗaya ba ne, wannan kam na ji. Ɗaya ya fi ɗaya. Amma wanne ne ita? Rufe ido, Verna. Kira kazar. Ƙarƙashin tebur, da safe, kina zuba shayi, ya cije ta…

Na kira, kada ya amsa. Na sake kira, mutumin ƙanƙara ya amsa. Ga na barewa ma ya shigo, ga na mai tumbi, ga odar tasi, ga ƙararrawar rediyo. Duk sun taru a wuri ɗaya suna kuka. Ina ganin kazar sarai — jar hular, babban idon, inda fenti ya goge a baki — ina ganin Koffie ya sa haƙori, cikinta ya lotsa… shiru. Babu amo. Ɗazu da safe yana nan, na rantse yana nan. Na yi ta matsa na wasu har na goge nata.

An rage fitilun baya. Matar kantin tana jan ƙyauren ƙarfe rabi, tana kallona.

Na san akwai shi. Na san nawa ne, na zauna da shi, na san in na ji shi ya kamata in gane. Ga su a gabana, kowanne ya yi kama, kowanne ina cewa wataƙila, ina jin kunyar in ce ban sani ba…

Hilton.

Haka ne? Haka kake ji in na shigo da kwano a hannu, na zauna, ina murmushi ina jira? Ka duba fuskar nan, ka san akwai wani abu a cikinta, ka matsa, ka matsa, ta ƙi yin kuka — sai ka ce sannu baiwar Allah don kar ka ba ni kunya?

Wayyo, mijina. Kullum?

"Anti… wanne zan sa miki a leda?"

Gwiwoyina sun ƙi tashi. Koffie ya ɗora haɓarsa a cinyata. Dama, hagu. Bari in sake matsawa sau ɗaya, 'yata, sau ɗaya kawai…